Zuwa ga ɗalibar da ta tambaye ni ko rana na tofar da wuta

Ɗiyata, assalamu alaikum.

A taron yaye ɗalibai kika miƙe gaban jama'a kika ce kin ga hoton gefen rana da wasu harsuna kamar na gobara. Kika tambaya: wace irin wuta ce, kuma ita ke gasa mu a Gusau da bazara? Lokaci ya ƙure ban amsa miki sosai ba, abin ya tsaya mini a rai.

Ba wuta ba ce, don babu abin da ke ci a can. Iskar haidurojin ce da zafi ya tsananta mata har ta zama mai ɗauke da lantarki, ita masana ke kira filasma. Ba ta tafiya inda ta ga dama, maganaɗisu ke riƙe da akalarta. Kin tuna burbushin ƙarfen da na ɗebo wajen masu walda, na barbaɗa kan takarda, na sa maganaɗisu a ƙasa, ya miƙe tsaye kamar gashin buroshi? To, haka fuskar rana take, sai dai nata tsirin ba ya zama wuri ɗaya. Kowanne kan yi tsiri sama dubban kilomita, cikin 'yan mintuna ya faɗo ko ya ɓace, wani ya maye gurbinsa. Miliyoyi ne a lokaci guda. Masu saurin cikinsu kan ci kilomita 100 a daƙiƙa ɗaya, kusan Gusau zuwa Funtuwa ke nan.

Wani limamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya bayyana su tun 1877, amma sai da Japan ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Hinode a 2006 aka gan su filla-filla.

A shekarar ta 2006 kuwa, ranar 29 ga Maris, rana ta yi husufi cikakke a garin nan. Ba a haife ki ba. Ina tsaye ƙofar gida hantsi ya koma magariba, farin haske ya kewaye baƙin faifai kamar rawani. Zafin wannan rawani ya wuce digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana kusan 5,500 ce. Ya za a yi nesa da murhu ya fi bakin murhu zafi? Wasu masana na ganin tsirin nan na cikin masu kai zafi sama, shi ya sa nake bibiyar lamarin.

Zafin bazara kuwa babu ruwansu. Rana ce ke tsayawa bisa kanmu a Afrilu, ga ƙasa bushe, ga hadari bai taru ba.

Don Allah kada ki kalli rana da ido kina neman su, za ta lalata miki gani. Ki same ni ranar Litinin, na tanadi hotuna.

Malaminki na kimiyya,
Gusau