Game da Barbie da 'yar tsanar da muke ba 'ya'yanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta ɗan rahoton da kuka kawo kan 'yar tsanar nan Barbie, inda kuka ambaci fim ɗinta na 2023 da ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Ni mai ɗinki ce, uwar 'ya'ya mata uku, kuma akwai abin da nake so in ƙara, domin maganar ta shigo har cikin ɗakina.

Asalin Barbie yana da ban mamaki. Ruth Handler, wadda suka kafa kamfanin Mattel da mijinta a Amurka, ta lura 'yarta Barbara ta fi son wasa da 'yan tsanar takarda masu siffar manyan mata a kan jariran roba. A 1956 ta je Turai ta ga wata 'yar tsanar Jamus mai suna Bild Lilli, wadda tun farko ma ba don yara aka yi ta ba, manyan maza ke saye a shagunan taba su ba juna kyautar raha. Siffar nan ta ɗauko, ta gyara, ta sa mata sunan 'yarta, aka baje ta a kasuwar kayan wasa ta New York ranar 9 ga Maris, 1959, a kan dala 3. Wato ƙugun nan siriri da dogayen ƙafafun da miliyoyin yara suka tashi suna kallo, an zana su ne don idon manya.

Ba zan hana ta haƙƙinta ba. Tun 1965 aka sa mata kayan 'yan sama jannati, shekara huɗu kafin ɗan Adam ya taka wata, daga baya ta zama likita, ta zama matuƙiyar jirgi. Yarinyar da a da jariri kawai ake miƙa mata ta yi goyo, ta ga ashe akwai wasu ayyukan. Amma sai a 1980 aka fitar da baƙar fata mai ɗauke da sunan Barbie, sai a 2016 aka yi mai ɗan jiki, mai hijabi kuwa sai da 'yar wasan takobi Ibtihaj Muhammad ta yi suna aka sanar da ita a 2017. A ganina ƙorafin iyaye da raguwar ciniki ne suka tilasta wannan gyara.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da Sallar bara ƙanwata ta kawo wa autata irin 'yar tsanar nan ta kwaikwayo da ake sayarwa a kasuwa, fara sol, gashi ruwan zinariya har gadon baya. Yarinyar ta tsinci ƙyallen atamfa a ƙarƙashin kekena, ta ɗaura mata zani, ta yi mata kallabi, ni kaina abin ya burge ni. Bayan kwana biyu ina yi mata kitso, tana riƙe da ita tana taje gashin da yatsa, sai ta ɗago ta ce, “Umma, in na girma gashina zai zama irin nata? Ni ma zan yi fari?” Wallahi sai da hannuna ya tsaya. Shekararta shida. A unguwar da 'yan mata ke ƙona fatarsu da man bilicin, wannan tambaya ba ƙarama ba ce.

Mu da muka tashi da 'yar tsanar kara da ta ƙashi, mu muke yi mata gashi da zare, mu yi mata bikin aure har da gara ta ƙasa. Kamarmu take, don hannunmu ya yi ta. Ba na cewa a koma baya, yaran yanzu sun ga roba mai lanƙwasa hannu. Amma wasu sun nuna hanya. A Siriya an fito da 'yar tsana Fulla mai abaya a 2003, ta karɓu a ƙasashen Larabawa. A Legas, Taofick Okoya ya nemi baƙar 'yar tsana zai ba 'yar ɗan'uwansa ya rasa, sai ya kafa Queens of Africa a 2007, har da mai wakiltar Bahaushiya. Wata 'yar Najeriya kuma, Haneefah Adam, ta ɗinka wa Barbie kayan mutunci da hijabi, ta sa hotunan a Instagram, duniya ta ɗauka.

To mu a Kano, da telolinmu da masu rini da masana'antun roba da ke buga bokiti da buta kullum, me ya hana? Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku ya zaga wurin masu kayan wasan yara a Sabon Gari, ya ƙirga baƙaƙen 'yan tsana nawa zai gani a kan tebur, sannan ya tambayi masu masana'antar nawa ne kuɗin yin guda ɗaya mai kitso da lalle. In aka samu mai yi, ni na ɗauki nauyin ɗinka kayan farko.

Taku mai karatu kullum,
wata mai ɗinki daga Kano