Amsa ga Baban da ya tambayi wanda ya aike ni taɓa tambarin gidan talabijin

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwa irin ta ɗa ga uba.

Na saurari hirar da aka yi da kai a rediyo, inda ka kawo maganar zanen da na fitar, wato yadda nake hasashen tambarin gidan talabijin na jiharmu zai kasance idan an sabunta shi. Ka ce kana tambayar yaron nan wa ya aike shi ya ruɗa jama'a, ko kuwa kwangila yake nema ta bayan gida. Sannan ka rufe da cewa halin yaran yanzu ke nan, raina aikin magabata. Tunda a gaban jama'a ka yi tambayar, a gaban jama'a ya dace in amsa, kuma ina roƙon ka yi haƙuri da ni idan harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Kalmar rainin nan ita ce ta tsaya mini a wuya. Baba, da muryarka na tashi. A gidanmu idan ka fara karanta labarai a tasha ko tari ba a yi. Jin wannan muryar tana kira na marar kunya ya yi mini zafin da zagin tsarata ba zai taɓa yi mini ba.

Kafin in ja layi ko ɗaya, sai da na bi sawun tsohon tambarin nan. Na nemo shi a kasakasan bidiyo na gidajen mutane, da tsofaffin kalandu, da tallace-tallacen jarida. Na auna kaurin layukansa, na gane cewa wanda ya zana shi da rula da kamfas ya yi aikinsa, kuma don akwatin talabijin na wancan zamani ya yi shi, mai dishi-dishin hoto, shi ya sa ya kaurara komai don kada ya ɓace wa mai kallo. Gwani ne, Allah ya saka masa. Da'irarsa na bar ta, korensa na bar shi. Abin da na taɓa shi ne abin da zamani ya riga ya lalata. Fuskar talabijin ta da kusan murabba'i ce, huɗu bisa uku, ta yanzu kuwa mai faɗi ce, goma sha shida bisa tara. Da aka ɗauko tsohon tambarin aka ja shi da ƙarfi don ya cika sabuwar fuska, sai da'irar ta baje. Ƙananan rubutun da aka yi ta liƙa masa daga baya kuma ba sa karantuwa a wayar hannu, alhali a waya yawancin tsarata suke kallon labarai. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Salon rubutun da ake amfani da shi a ƙasan allo ba shi da su, don haka kullum ana fitar da kanun labarai na Hausa da gurgun rubutu, yaran makaranta suna kallo suna kwafa. Na zana wa tashar haruffan da ke ɗauke da su cif. Wanda ya raina abu ba ya zama ya yi masa irin wannan hidima kyauta.

Kuma a gabanka aka sha sauya suna da alama, ba wanda ya ce an raina kowa. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962 bai tsaya yadda yake ba. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA, a 1978 ɓangaren rediyon ya koma ƙarƙashin FRCN, hukumar gidajen rediyo ta tarayya. Tashar talabijin ta CTV ta Kano ta zama ARTV don tunawa da Abubakar Rimi, gwamnan da ya kafa ta, bayan rasuwarsa a 2010. BBC da sashenta na Hausa ke watsa shirye-shirye tun 1957 ta miƙar da haruffan tambarinta masu karkata a 1997, ta cire layukan launi da ke ƙarƙashinsu, domin karkatattun layuka ba sa fita da kyau a fuskar kwamfuta kuma buga launuka da yawa yana cin kuɗi. Wani mai zane, Martin Lambie-Nairn, shi ya yi mata wannan aiki. A 2021 ta sake taɓa tambarin, ta sa masa salon rubutunta na kanta mai suna Reith, sunan shugabanta na farko. Ba ta zubar da martabarta ba, tarihinta ma ta ɗaga.

Wa ya aike ni? Babu kowa. Na san za ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ne. Sai dai gidan talabijin na jiha da kuɗin jama'a aka gina shi, da kuɗin jama'a ake biyan albashinsa, don haka mu ma masu ɗakin ne. Mai kallo yana da damar cewa shiri kaza bai yi ba, kuma kai da kanka ka karanta irin waɗannan wasiƙu a iska shekara da shekaru. Ni da zane na rubuta tawa wasiƙar. A Ingila akwai matasa da dattawa da wannan ce sha'awarsu, suna zana wa tashoshinsu tambarin gwaji da hotunan da ake sawa tsakanin shiri da shiri, suna muhawara a kai kamar yadda ake musun ƙwallo. Tutar ƙasar nan ma ɗalibi ne ya zana ta. Michael Taiwo Akinkunmi yana karatu a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida, ya aiko da zanensa, alƙalai suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya suka bar kore da fari, aka ba shi fam 100. Ita ce aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba, 1960. Shi kiransa aka yi, na yarda. To amma dubi zuciyar manyan wancan lokaci: sun buɗe ƙofa ga yaro, sun gyara masa inda suka ga dama, sun biya shi, sun bar masa sunansa. Da gidajen rediyo da talabijin namu za su buɗe irin wannan gasa gobe, da ka ga hannayen da ke ɓoye a shagunan buga takardu na Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram.

Batun cewa na ruɗa jama'a ba zan daɗe a kansa ba. A jikin kowane hoto na rubuta cewa zanen gwaji ne, ba daga tashar ya fito ba, kuma ban sayar wa kowa ba, ban buga a riga ko hula ba. Abin da ake kai mutum kotu a kansa daban ne. A 1976 gidan talabijin na NBC na Amurka ya fito da sabon tambari wanda ya zo daidai da na wata ƙaramar tashar ilimi ta jihar Nebraska, yana kasuwanci da shi. Ƙaramar tashar ta kai ƙara, aka sasanta bayan NBC ta ba ta kayan aiki na sama da dala 800,000. Ni me na ci da tambarin wani?

Kwangila kuwa, da ita nake so da na san ofishin da ake kai takarda, kuma neman aiki da sana'ar hannu ba abin kunya ba ne. Ka tambayi masu shaguna da makarantun Islamiyya da na yi wa tambari ko akwai wanda na bi ta bayan gida. Amma Baba, bari in faɗi abin da ke raina, ko da ba zai yi daɗi ba. Ina zaton abin da ya ɓata maka rai shi ne yabon da zanen ya samu, har wasu suka ce ya fi wanda ake amfani da shi yanzu, kuma gyaran ƙarshe da aka yi wa na yanzun kana kan kujerar shugabancin sashe aka yi shi. Idan haka ne, da masu yabon ya kamata ka yi, domin ni ban ambaci sunanka ba ko sau ɗaya.

Tunda maganar mutunta magabata ce, ga inda nake so a ji muryarka. Da na je neman tsofaffin hotunan buɗe tasha, aka ce mini an ɗora wasu shirye-shirye a kan kasakasan, wasu kuma ruwa da ƙura sun cinye su a sito. Taken da makaɗa suka buga wa tashar da kalangu da algaita, wanda duk ɗan jihar nan zai iya rera shi a barci, sai a wayar wani tsohon direba na same shi. Sunan mutumin da ya zana tambarin farko, na tambayi ma'aikatan da ke ciki yau, suka yi ta kallon juna. Wannan ɓarna ba yara masu kwamfuta ne suka yi ta ba. Yaran ma su ne ke tsince abin da ya rage suna adanawa da kuɗin datarsu.

Su kuma waɗannan yara, ka san yadda ake yi da su? Abokina ya zana wa wani gidan rediyo tambarin gwaji don sha'awa. Bayan wani lokaci sai ga shi a jikin motarsu da makirufonsu, an ɗan sauya launi. Da ya je magana aka ce masa ai sunansa zai fita, alhali ko sunan ba a sa ba. Ya bar zane, yanzu cajin waya yake yi a bakin tasha. A hirarka ka samu lokacin tambayar wanda ya aike ni, da ma ka samu minti ɗaya ka tambayi masu irin wannan hali wanda ya halatta musu guminsa.

Zanen nan ba zan janye shi ba, kuma na gidan rediyon jiha yana nan tafe. Amma ina da buƙata a wurinka. Kai ka yi aiki da mutumin da ya zana tambarin farko, ka san sunansa, ka san garinsu. Ka faɗa mini, in rubuta shi a ƙarƙashin zanen, sama da nawa. Idan kuma akwai tsofaffin hotuna ko katin aiki ko takarda mai kan tashar a akwatinka, ka ba ni izini in zo gida in gaishe ka, in ɗauki hotonsu a gabanka in mayar maka da kayanka. Duk inda ka ga na kauce a zanen, ka ɗauki biro ka nuna mini a kan takardar.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanka mai zanen tambari