Wasiƙa zuwa ga Sanusi kan ƙafar Baba

Assalamu alaikum, Sanusi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina iyali, ina Maman Ummi da yara? Shiru shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai kwatsam ga saƙonka da bidiyoyin Facebook kan ɗakin oksijin, kana cewa a kai Baba Masar a saka shi a ciki saboda gyambon suga da ke ƙafarsa. Na kalle su duka, kuma na biya Mabera na duba ƙafar Baba da idona. Don Allah kada ka yanki tikitin Masar tukuna.

Maganin da ka gani ba ƙarya ba ne, likitoci na aiki da shi. Ana shigar da mutum wani ɗakin ƙarfe ko dogon akwatin gilashi, a rufe ruf, a ɗaga matsin iska ya ninka na waje sau 2 zuwa 2.5, wani lokaci har 3, yana shaƙar oksijin zalla. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. A ƙarƙashin matsi oksijin ɗin na narkewa cikin ruwan jini kansa, ya kai inda jajayen ƙwayoyin jini ke wahalar shiga. A iskar waje, abin da ke narke bai wuce mililita 0.3 a kowace mililita 100 ta jini ba. A matsi ninki 3 yana kusan 6. Wannan ne ke ba fararen ƙwayoyin jini ƙarfin kashe cuta, ya sa sababbin ƙananan jijiyoyi su tsiro a gyambo, ya kuma takura ƙwayoyin cutar da ba sa shiri da oksijin. Tun farkon shekarun 1960 likitocin Holan suka fara amfani da shi kan ruɓewar nama mai tara iska. Amma ko a can wuƙar tiyata ce a gaba, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, oksijin na biye.

To ga abin da na gani. Gyambon na ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa ya kai santimita 3, bakinsa ya yi kanta mai kauri, yana tsatso ruwa, akwai ɗan wari. Baba bai jin zafinsa ko kaɗan, har dariya yake yi in an taɓa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali: suga ta riga ta kashe jijiyoyin ji. Yana taka ƙafar zuwa masallaci da silifas. Inna kuma, Allah ya saka mata, kullum sai ta barbaɗa garin maganin da aka kawo mata daga ƙauye. Na roƙe ta ta daina, garin nan yana toshe bakin ciwon ne ya riƙe ruwa a ciki.

Abin da ƙafar nan take bukata yanzu yana nan Sakkwato. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a auna sugarsa, har da awon da ke nuna yadda ta kasance watanni uku baya. In ƙwaya ta gaza, a koma allurar insulin ba tare da gardama ba. A kankare mataccen nama da kantar, a ɗebi nama daga can cikin ciwon a kai awo don a san wace ƙwayar cuta ce, domin ruwan da ake dangwalowa daga sama yakan yaudari likita. A zura ƙarfen gwaji, in ya taɓo ƙashi to a ɗauka cutar ta kai can, a yi hoto, kuma magani zai iya kai mako 6. A duba bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. In jijiyar jini ta toshe, oksijin ɗin da kake son saya bai da hanyar isa yatsan, sai an fara buɗe ta. A yi masa allurar tetanos. Sannan ya daina taka wajen, ko da takalmin musamman ko da sanda. Nan ne za a sha daga da shi, ka san halin Baba. Maganarka yake ji, sai ka buga masa waya.

Ana maganar ɗakin oksijin ne idan gyambo mai zurfi ya yi kwana 30 ana wannan kulawa daidai bai motsa ba. Kuma ba shiga ɗaya ba ce. Kowane zama minti 90 zuwa awa 2 ne, kwana 5 a mako, zama 30 zuwa 40, wato kusan wata biyu a ƙasar mutane da tsoho mai suga. Yana da nasa haɗari. Matsin kan ji wa dodon kunne ciwo in mutum bai iya haɗiyar yawu yana daidaita kunnensa ba, don haka mai mura ya dakata. Suga kan faɗi a ciki, dole a auna kafin shiga. Gani kan dushe na wasu makonni, wasu kaɗan sukan yi jijjiga. Wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da ƙirji ba a zuƙe ba, ba ya shiga sam. Ba a shiga da waya, ashana, man shafawa ko turare, saboda gobara. Kai da turarenka na Dubai ko ƙofar ba za su bar ka ka taɓa ba. Waɗancan jakunkunan roba masu zif da na gani a bidiyo ɗaya, matsinsu wajen 1.3 ne, ba su ne na asibiti ba. Wanda ya ce maka ɗakin oksijin yana warkar da zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙanjamau ko ciwon daji, kuɗinka yake so.

Inda ɗakin oksijin ya fi burge ni shi ne hayaƙin janareta da gawayi. Gubar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita daga jini a iskar waje, kimanin awa ɗaya da rabi da tukunyar oksijin, a ɗakin matsi kuwa minti 20 da 'yan kai. Na faɗa ne don na ga janaretan gidanku a zaure, dab da tagar ɗakin samari. Na sa an fitar da shi tsakar gida.

Zafi kuwa ba a magana, kuma lokacin sanƙarau ne. Ka tuna annobar 2017 da ta ci Zamfara da Sakkwato. Nau'in C ne, rigakafin da aka yi wa mutane kafin nan kuwa na A ne kaɗai. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ta haɗa nau'i biyar. Na gaya wa Inna, duk yaron da ya haɗa zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, asibiti a ranar, ba kemis ba. Yaran su bar cunkuso a ɗaki guda, a buɗe tagogi.

Af, Ɗan Iro ya yi ta biyu, daga Wurno, kuma har yanzu yana bin ka bashin hular nan. Malam Ƙarami ya koma noman albasa a fadama, ya yi ƙiba abinsa.

Kuɗin tikitin ka turo wa Yaya Hadiza, a sayi na'urar awon suga da tsinkenta, da kayan wankin ciwo, sauran na asibiti. Na bar mata lambata: in ƙafar ta kumbura da sauri, ko ta yi baƙi, ko ta fito da bororo, ko a danna a ji tana ƙaras ƙaras, ko zazzaɓi ya rufe shi, ta kira ni ko da tsakar dare ne, wannan tiyatar ranar ce. Ka kira Baba Juma'a bayan an sauko, lokacin ya fi sauraro.

A shafa mini kan Ummi.

Naka,
Aminu