A daina shafa siminti a kan zanen bangon bakin hanya

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Mu magina ne da masu zanen bango. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana a kan ƙananan masallatai da rumfunan ƙasa da ke bakin hanyar Marwa zuwa Kusiri a arewacin Kamaru, waɗanda bayin Allah suka ƙawata da Bisimilla da sunan Allah da zanen dagi. Matafiya na tsayawa su yi salla, su ɗauki hoto, wani ma ya ba da sadakar buhun siminti a gyara. Niyyar tana da kyau, amma wannan simintin ne ke cinye aikin.

A hamadar Kalifoniya ta Amurka, kusa da garin Niland, wani Kirista mai suna Leonard Knight ya fara gina wani tudu a 1984, ya rubuta a jikinsa cewa Allah ƙauna ne. Tudun farko da yashi da siminti ya yi shi, ya kuwa rufta. Sai ya koma ga laka da ciyawa, irin aikin kakanninmu, ya lulluɓe da fenti mai kauri. Ya rasu a 2014, tudun na nan, masu sa kai suna ta sabunta fentin. To amma ruwan da ke sauka a can a shekara bai kai milimita 100 ba, alhali Marwa na samun wajen 800, kusan duka daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka mu ɗauki lakarsa, mu bar masa fentinsa.

Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, yana fitar da shi ta jikinsa. In an rufe shi da siminti ko fentin mai, danshin ya rasa mafita, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki. Ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa, za ka ji yana amo kamar ƙwarya. Wata rana sai fatar simintin ta ɓalle gaba ɗaya, ta tafi da rubutun.

Gyaran gaskiya yaɓe ne. A kankare abin da ya saki, a yayyafa ruwa. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawar ramno da kashin doki, a bari ta tsima kwana uku zuwa bakwai, ana juya ta da ƙafa kullum. Kafin a hau aiki, a gwada a wuri kamar faɗin tafi biyu: in ya tsattsage bayan ya bushe, laka ta yi yawa, a ƙara yashi, in yana marmashewa a hannu, yashi ne ya yi yawa. Kada kaurin shafi ɗaya ya wuce yatsa guda, kuma sai na farko ya bushe ake bin sa da na biyu. Bayan haka a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, domin ruwan sama ya riƙa zamewa. Farar ƙasa kuwa a dama ta ruwa-ruwa, a shafa sau uku da sassafe, don wadda aka shafa da tsakar rana tana zubewa kamar gari. A duba indararo kafin damina, ya zarce bango da aƙalla kamu ɗaya. Mutanen Musgum da ke garin Pus a nan Kamaru sun daɗe da sanin amfanin sabunta yaɓe: tudun da ke jikin ɗakunansu matakala ce ta hawa a sake yaɓe, kuma tana rage ƙarfin ruwa. Matan Gawi, kusa da Injamena, su ma da ƙasa mai launi suke sabunta zanen gidajensu.

Sunan Allah da aya a rubuta su sama da ƙirjin mutum, inda fantsamar ruwa da awaki ba za su kai ba.

Ku kuma 'yan'uwa matafiya, don Allah kada a jingina babur da bangon, kada a hau kansa don hoto, kada a yi alwala a gindinsa. A nemi mai kula da wurin a gaisa, a tambaye shi abin da aikin ke bukata. Sau da yawa amalanken ƙasa ne da kuɗin magini na kwana biyu.

Wassalam.

Wasu magina da masu zanen bango,
Marwa, Kamaru.