Shafin Facebook rumfar haya ce, a yi hattara

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja kunnen 'yan kasuwarmu, musamman masu atamfa, shadda da turaren wuta da suka kwashe cinikinsu kacokan suka ɗora a kan Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp.

Shafin da ɗan kasuwa ke tinƙaho da shi saboda yawan mabiya ba mallakinsa ba ne. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ran 4 ga Oktoban 2021 kuwa Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida. Wanda bai ajiye sunaye da lambobin abokan cinikinsa a littafi ba, ranar da aka rufe shafin ya koma ɗan koyo.

Abin da ya fi cin mutane shi ne ƙwacen shafi. Za a kira ka da ladabi, a ce an sa sunanka cikin masu samun tallafi, ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka. Kana karantawa WhatsApp ɗinka ya koma wayar ɓarawo, shi kuma ya bi abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya yana tura musu lambar asusunsa da sunanka. Su sun yi asarar kuɗi, kai ka yi asarar mutunci. A Facebook kuma saƙo ne ke zuwa wai daga Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, wai za a rufe shafinka idan ba ka latsa nan ka sa kalmar sirri ba. Maganin duka biyun bai wuce minti biyar ba: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato ƙarin lambar sirri da manhajar za ta nema kafin a shiga shafin daga wata waya), a haɗa da imel, kuma kada a danƙa wa yaron shago cikakken ikon shafi.

Sai kuɗin tallar da ake biya a Facebook, wanda tun 2022 akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kansa. Yawan masu yaba hoto ba ciniki ba ne. A yi lissafi: idan ka kashe naira 20,000 ka sayar da turmi huɗu, kowane turmi ya ci 5,000. In ribarsa 3,000 ce, faɗuwa ka yi, ko da sharhi ya cika shafin.

Hoton da aka gyara shi ma tarko ne. Shadda ta fito shuɗiya shar a waya, ta isa Gombe ruwan toka, a dawo da ita, kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyanka, ga tonon silili a bainar jama'a. A ɗauki hoto da hasken rana kawai.

Hoton rasit ko saƙon alat kuwa ba shaida ba ne. Kada kaya su bar shago zuwa tasha sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano