Wasiƙa zuwa ga Inna daga ƙasar masara

Ames, jihar Iowa, Amurka
Ƙarshen watan Satumba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da kowa na gida. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Auta, na san ke za ki karanta mata, don Allah ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Maigidan yana gaishe ku, karatu ya riƙe shi ƙwarai, yara kuma sun koma makaranta tun ƙarshen Agusta. Na ga gara in rubuta, don a waya ba ma samun zama. Sa'a 6 ce tsakaninmu, lokacin da nake sallar azahar ku kuna shirin isha, ga kuma maganar da nake da ita ba ta gaggawa ba ce.

Kaka ta zo mana, Inna. Na san yanzu a Funtuwa an fara karyar masara, tsakar gida ta cika da shanya, ƙanshin dafaffiyar sabuwar gyaɗa ya kama ko'ina. To mu ma nan lokacin ke nan, sai dai tasu kakar ba damina take kora ba, sanyi take jawowa. Rana ta fara faɗuwa da wuri, da asuba sai da rigar sanyi, ganyen itatuwa ya soma komawa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube. Da yamma za ki ji kukan agwagin daji a sama, sun jeru reras sun nufi kudu, gudun hunturu suke.

Kin tuna na gaya miki mun tashi daga cikin gari mun kama haya a wani ɗan gida a gonar wasu tsofaffi, mata da miji. In na tsaya a bakin ƙofa, gabas masara, yamma waken suya, iya ganin ido. Abin da suke nomawa ke nan, bana wannan, baɗi a juya a sa wancan. Duk Amurka babu jihar da ta kai wannan noman masara. Ki gaya wa Baba, ya saurara da kyau: eka ɗaya tana ba su abin da ya kai kimanin buhu 50 na masu kilo 100. Da maigidan ya faɗa mini ban yarda ba, sai da ya zauna ya yi mini lissafi a takarda. Ƙasar ce baƙa wuluk, mai laushi, ko tsakuwa da wuya ki gani, ga taki, ga iri mai kyau.

Ba sa karya masara a kai gida a ɓare kamar mu. A kan karanta ake barinta ta bushe, goyon ya sunkuya ƙasa. Sannan a shigo da injin girbi, girmansa ya fi ɗakinki da rumfarsa. Shi ne zai yanke, ya ɓare, ya ɓarje tsabar, ya watsar da totuwa da ɓawo a bayansa, duk a tafiya ɗaya. Tarakta na biye da shi a gefe tana jan wani ƙaton akwati, yana zuba mata tsaba ba tare da ya tsaya ba. Daga nan sai babbar mota, sai rumbu. Rumbunan nasu na ƙarfe ne, dogaye, suna ƙyalli, kuma ba a ajiye hatsi sai an auna danshinsa. In ya wuce kashi 15 cikin 100 sai a hura masa iska mai zafi da injin gas har ya sauko, don kada ya yi fumfuna. Kwana muke muna jin gurnanin injin nan. In sun ga alamar ruwa na tafe, da fitila suke girbi har tsakar dare.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kusan duk masarar nan ba tuwo za a yi da ita ba. Kaso mai yawa masana'anta ake kaiwa a yi wani mai da ake gaurayawa da fetur, saura kuma abincin dabbobi ne, kaji da shanu da aladu. Wadda suke ci daban take, mai zaƙi ce, a ɗanye ake cire ta tun watan Yuli da Agusta a dafa. Ga ni zaune a tsakiyar masara, amma garin da nake tuƙa mana tuwo daga kanti nake sayo shi.

Amma Inna, shiru. Wannan ne ya dame ni a makon farko. Duk faɗin gonar nan tsohon ne da ɗansa, su biyu rak. Babu yara masu tsince-tsince, babu mata masu kala, babu mai kawo fura, babu mai yi wa wani sannu da aiki. Mutum ɗaya a cikin ɗakin gilashi a saman inji, ƙura na tashi, shi ke nan. Na tsaya a taga na tuna ranar da ake kawo amfanin Baba gida, yadda zaure ke cika, ana auna zakka ana ware na Gwaggo da na maƙwabta, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba don wani ya ɓata mini ba. Kewa ce kawai, albarka ce mai yawa na gani babu mutane a kanta.

Sai ga shi makon jiya na ga abin da ya sanyaya mini zuciya. Wani maƙwabcinsu aka yi wa aikin zuciya, yana kwance, ga wakensa ya isa girbi, kuma kin san wake ba ya jira. Da safe sai ga injina suna shigowa gonarsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar tasa. Kafin magariba sun share ta tas. Mata suka haɗa abinci aka kai bakin gona, aka ci a bayan motoci. Na ce da tsohuwar ai mu ma muna da wannan, gayya muke ce masa. Ta yi ta maimaita kalmar har ta riƙe. Na soya cincin na kai, ko ɗaya bai dawo ba.

Baba zai so ya ji wannan. Shirin nan na Sasakawa da ya koya musu shuka masara ƙwaya ɗaya a rami da binne taki, Baturen da ya jagorance shi, Norman Borlaug, ɗan jihar nan ne, a gona ya tashi kusa da wani gari Cresco. Shi ne ya sami kyautar Nobel a 1970. Kowane Oktoba ana taro a babban birninsu, Des Moines, ana ba da kyautar noma da ya kafa, kuma a 2017 ɗan Najeriya, Akinwumi Adesina, ne ya karɓa.

Yanzu bari in ba ki labarin lambu. Tsohuwar ta yanka mini wani gefe a nata tun watan Mayu. Kuɓewata ta yi kyau har na yanka na shanya, barkono ma haka. Yakuwa ce ta ba ni ganye amma ba ta kai ga yin zoɓo ba, kwanakin ɗumi ba za su ishe ta ba. Barewa kuma suna shigowa da dare su cinye abin da suka samu, sai da aka ja waya. Yanzu kowa kunnensa na kan labarin yanayi, domin a farkon Oktoba ake samun daren da raɓa ke daskarewa ta zama farar ƙanƙara a kan ganye. Dare ɗaya ya isa, da safe ki tarar da tumatir ya yi baƙi ya kwanta. Don haka rige-rige muke. Mun haƙe dankalin turawa, mun tsinke tuffa, albasa na rataye a rumfa. Tumatir kuwa ba kauɗa suke yi ba, ranarsu ba ta da wannan ƙarfin. Dafa shi ake a ɗura a kwalabe masu faɗin baki, a ɗiga ruwan lemun tsami, a rufe, a sake tafasa kwalaben gaba ɗaya a cikin tukunya. In suna hucewa sai ki ji murfin ya yi ƙas, alamar ya kama ke nan, zai shekara bai lalace ba. Kwana uku muka yi a kan wannan, ta ba ni kwalba 20. Na so a ce ana samun irin murfin nan a gida, da tumatirin da ke ruɓewa a kasuwa lokacin arha bai tafi a banza ba. Tafarnuwa kuma sai watan gobe za a shuka ta, a lulluɓe da ciyawa, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk hunturu, a cire a Yuli. Kabewa ta ko'ina, manya-manya, da yawa ado suke yi da ita a ƙofar gida. Na roƙi ɗaya na yi miyar taushe na kai musu, tsohon har ƙari ya nema.

To ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Duk ranar Laraba wasu mata kan taru a gidan tsohuwar suna ɗinkin bargo, na nemi izinin maigidan ina zuwa. Ba irin bargon kanti ba ne. Ƙyallaye ake tarawa, ragowar ɗinki da tsofaffin kaya, a yanka su daidai wa daida, wasu murabba'i wasu masu kusurwa uku, a harhaɗa a keke har su fitar da zane, tauraro ko wani abin. Wannan shi ne sama. Sai a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa yadi guda a ƙasa, a ɗaure duka ukun a wani katako mai faɗi kamar gado. Mata su zauna kewaye, kowace da allurarta, ana bi da ƙananan ɗinki har a haɗe su. Wadda ta iya, ɗinkinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a jere. Nawa har yanzu manya ne, amma suna cewa hannuna na faɗawa. Da na taɓa audugar sai na tuna motocin da ke shigowa Funtuwa shaƙe da ita lokacin muna yara. Wasu bargunan na aure ne ko na haihuwa, wasu kuma cocinsu suke ba wa a aika wa 'yan gudun hijira.

A wurin nan na sami mutanen da na rasa a gona. Ana ɗinki ana hira, wadda jikarta ta haihu, wadda mijinta ya fara mantuwa, farashin masara da ya faɗi. Sun tambaye ni abin da ba na ci, tun daga ranar ba a sake ajiye shi a teburin ba. In la'asar ta yi tsohuwar da kanta take nuna mini ɗaki in yi salla.

Rannan ta buɗe akwati ta fito da wani bargo da ya sha jiki, ta shimfiɗa. Ta riƙa ɗora yatsa tana faɗa mini: wannan rigar aikin mahaifinta ce, wannan rigar da ta sa ranar da ta fara zuwa makaranta, wannan kuma buhun gari ne, don a zamanin talauci buhunan yadi masu fure ake sayarwa, mata na ɗinka kaya da su. Mahaifiyarta ce ta ɗinka, ta daɗe da rasuwa, amma ga ɗinkin hannunta ana lulluɓa da shi. Na dawo gida na kasa barci. Yaran nan suna girma ba su san ƙanshin ɗakinki ba, ƙaramar ma a waya kawai ta san fuskarki.

Don haka ina roƙonki, Inna, ki buɗe adakarki. Ina son zannuwan da kika daina ɗaurawa, ko sun koɗe ba komai, musamman shuɗiyar atamfar nan da kika goya Auta da ita. In akwai ragowar zanen saƙi na marigayiya kakarmu, Allah ya jiƙanta, ko tafin hannu ne a yanko mini, a tsakiya zan sa shi. A haɗa da tsohuwar rigar gonar Baba guda, kada a ce ta tsufa da yawa, ita nake so. Auta, ki je wurin telanmu ki karɓo ƙyallayen atamfa, na auduga zalla, ban da leshi da mai santsi. A wanke su tukuna, don wadda za ta yi zuba ta yi tun can. Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya da zai zo a Janairu, maigidan zai turo wa Yaya lambarsa. Na nuna wa matan hoton atamfofinmu a waya, sun ce ba su taɓa ɗinka bargo da launi irin wannan ba, kuma sun yi alkawarin zama a kansa tare da ni. Guda biyu nake son yi in Allah ya yarda, ɗaya na yara, ɗaya kuma in aiko miki kafin sanyin baɗi.

Mun tura ɗan saƙo ta hannun Yaya. A biya 'yan ƙwadago da shi, kada Baba ya ce zai ɗauki buhu da kansa. In da hali kuma kada a yi saurin sayar da masarar nan a kaka, a ajiye ko rabi ne, a sa a buhun nan mai leda biyu a ciki saboda ƙwari. A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da matar Yaya da yaranta, da maƙwabta gaba da baya. Ki sa mu a addu'a, hunturu na tafe kuma nasu ba wasa ba ne. Ki kuma sa Auta ta rubuto mini buhu nawa aka samu bana.

Wassalam,
'Yarki mai kewarki kullum.