Kada a yi saurin cewa wanda aka kayar ba shi da zuciya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, musamman masu kula da shafin wasanni, tare da godiya kan labaran tanis da kuke sakawa jefi-jefi a tsakiyar tulin labaran ƙwallon ƙafa. Mu masu bin wannan wasa ba mu da yawa a cikin masu karatunku, amma muna nan, kuma muna karanta duk abin da kuka rubuta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da nake yawan gani a sharhin wasanni: duk ɗan wasan da ya yi gaba, sannan aka kamo shi aka doke shi, nan take sai a yanke masa hukunci, a ce ba shi da zuciya, tsoro ne ya ci shi. Ban yarda da wannan hukunci ba. Yana zaluntar mutanen da suka fi kowa juriya a wannan sana'a.

Sai mutum ya san yadda ake lissafin tanis kafin ya gane dalilin da ya sa juyin waina ya yi yawa a cikinsa. Wasa ne da ba shi da agogo. A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ke gaba da ci biyu saura minti biyar tana iya jan ƙafa, ta yi canji, ta jira usur. A tanis babu mai hura maka usur, babu wanda zai canje ka, dole ka ci makin ƙarshe da hannunka. Maki, waɗanda ake ƙirga su 15, 30, 40, su ne ke taruwa su ba da gem, gem shida su ba da turmi, kuma a manyan gasanni huɗu na duniya namiji sai ya ci turmi uku cikin biyar. Da an gama turmi, lissafi ya koma sifili, ko da kuwa ka yi wa abokin karawarka kaca-kaca a wanda ya wuce. Shi ya sa mutum zai iya fin abokin karawarsa yawan maki kuma ya tafi gida hannu rabbana. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204, kuma sau biyu Federer yana neman maki ɗaya tak ya ɗauki kofi, da ƙwallo a hannunsa. Djokovic ne ya tafi da kofin. Wa zai tsaya ya ce Federer, mai manyan kofuna 20, ba shi da zuciya?

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ranar 8 ga Yuni, 2025, wasan ƙarshe na gasar Faransa a birnin Paris, tsakanin Jannik Sinner na Italiya da Carlos Alcaraz na Sifaniya. Sinner ya iso wasan ƙarshe ba tare da an ci shi ko turmi ɗaya ba a duk gasar. Ya ci turmin farko, ya ci na biyu. Alcaraz ya ƙwaci na uku. A na huɗu Sinner yana gaba da 5 da 3, Alcaraz ke sabis, wato shi ke fara buga ƙwallo a wannan gem, kuma an bar shi a baya da 0 da 40. Wato dama uku a jere, kowacce maki ɗaya ya rage a miƙa wa Sinner kofi. Alcaraz ya kuɓuta daga ukun duka, ya ci wannan gem, ya karya sabis ɗin Sinner a na gaba, wato ya ci gem ɗin da Sinner ke sabis, ya kai turmin ga bugun raba gardama ya ci. Abin da masu saurin hukunci suke tsallakewa shi ne abin da ya faru a turmi na biyar. Alcaraz ne ke gaba, yana sabis don ya ƙare wasa a 5 da 4, sai Sinner, wanda ya kwashe sama da awa biyar yana gudu a kan jar ƙasa kuma ya riga ya ga kofi ya suɓuce masa, ya karya shi ya dawo da wasa ɗanye. Mai karyayyar zuciya ba ya yin haka. A ƙarshe Alcaraz ya ci raba gardamar da 10 da 2, bayan awa 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar Faransa. Duk yabon da aka yi masa ya cancance shi, ba na rage masa komai.

Amma ni Sinner na zuba wa ido. Kyamara ta nuna shi zaune a kan kujerarsa bayan an tashi, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, filin kuwa ya kaure da sowa don wani. Yaro ne ɗan shekara 23. Mako biyar kacal ya rage a yi wasan ƙarshe na Wimbledon, kuma a tsakanin nan ma an fitar da shi da wuri a gasar Halle ta Jamus. Ranar 13 ga Yuli ya sake tsayawa gaban mutumin nan dai, wanda ya doke shi sau biyar a jere, kuma aka ci shi turmin farko. Duk wanda ya taɓa riƙe raket ya san irin abin da ke zuwa wa mutum a kai a wannan lokaci: hannu ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, zuciya ta fara cewa ga ta nan ta sake dawowa. Sinner ya ci turmi uku a jere, kowanne 6 da 4. A na huɗu, yana gaba da 4 da 3, ya sami kansa a baya da 15 da 40 a sabis ɗinsa, daidai irin gaɓar da al'amura suka lalace masa a Paris, ya ci maki huɗu a jere ya wuce. Shi ne ɗan Italiya na farko da ya ɗauki kofin Wimbledon na 'yan wasa ɗai-ɗai.

Ba zan ɓoye cewa akwai rabo a ciki ba. A zagaye na huɗu Grigor Dimitrov yana gaban Sinner da turmi biyu, sai tsokar ƙirjinsa ta yage, ya fita daga fili yana hawaye. Da bai ji wannan rauni ba, wataƙila da labarin ya sha bamban. Wannan ma wani dalili ne da zai sa mai sharhi ya riƙa tauna magana kafin ya auna zuciyar mutum da sakamakon yini ɗaya.

Wasu kuma ba mako biyar suke jira ba. Jana Novotna ta ƙasar Czech tana gaban Steffi Graf da 4 da 1 a turmin ƙarshe na wasan ƙarshe na Wimbledon a 1993, ta ɓata bugun sabis sau biyu a jere ta rasa maki, daga nan wasa ya wargaje mata. Ta fashe da kuka a kafaɗar matar da ke miƙa kyauta, 'yar gidan sarautar Ingila, duniya na kallo. Shekara biyar ana kawo sunanta a matsayin misalin mai tsoro. Ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1997, Martina Hingis ta doke ta. Ta dawo a 1998 ta ɗauki kofin.

Wadda ta fi damuna da yadda ake maganarta ita ce Ons Jabeur ta Tunisiya, tamu ta Afirka. Sau uku tana kaiwa wasan ƙarshe na babbar gasa: Wimbledon a 2022, gasar Amurka a wannan shekarar, da Wimbledon a 2023 inda Marketa Vondrousova ta doke ta 6 da 4, 6 da 4. Ba ta ci ko ɗaya ba, sai wasu suka ce ai ba ta iya ɗaukar nauyin babbar rana. Yarinyar da ta taso a ƙasar da ba ta da tarin kuɗi da makarantun tanis irin na Faransa ko Amurka, ta hau har matsayi na biyu a duniya, tana shiga fili da burin nahiya guda da na Larabawa baki ɗaya a wuyanta, ita ce za a ce ba ta da juriya? A Yulin 2025 ta sanar cewa za ta ja da baya ta huta, domin ta daɗe ba ta jin daɗin wasan. Ni ban ɗauki wannan a matsayin gudu ba. Amanda Anisimova ta Amurka ta yi irin wannan hutu a 2023 saboda lafiyar ƙwaƙwalwarta, ta dawo ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2025, Iga Swiatek ta yi mata 6 da 0, 6 da 0 cikin ƙasa da awa ɗaya. Ba a cika wata biyu ba suka sake haɗuwa a New York, Anisimova ta doke ta 6 da 4, 6 da 3, ta wuce har wasan ƙarshe.

Roƙona gare ka, ya Edita, guda biyu ne. Idan za ku ba da labarin irin waɗannan wasanni, ku ba mu yadda aka yi, ku faɗi gaɓar da wasa ya juya da abin da kowanne ɗan wasa ya yi a wurin, maimakon lissafin ƙarshe da kalmar zargi ga wanda aka kayar. Sannan ku ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, ku yi wa masu karatu bayanin lissafin tanis da Hausa, domin da yawa suna son kallo amma 15 da 30 da 40 ne ke korarsu. Akwai yara a Kano da Kaduna da Jos da ke fita filin tanis da raket ɗin aro, suna karanta abin da kuke rubutawa, kuma kowannensu za a wayi gari yana gaba a kamo shi a doke shi. Ina son su karanta a shafinku cewa haka ta faru da Sinner da Novotna, da kuma abin da suka yi daga baya.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna